Shekara 75 Ko 'Yan Awoyi? Rigimar Gudun Jiragen Star Trek

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙara na kawo, kuma Malam nake so ya zama alƙali. Jiya na gama Star Trek: Voyager, zango bakwai ɗin duka. Ga wanda bai gani ba, jirgi ne aka wurga can wani ɓangare na gungun taurarinmu, nisan shekarar haske 70,000 daga gida. Kyaftin ɗin ta tara mutanenta ta ce musu ko da sun ƙure gudu, sai sun yi shekara 75 kafin su koma. A kan wannan magana aka ɗora labarin tun 1995 har 2001. To da daddare sai na ɗauko fim ɗin Star Trek na biyar, na 1989. A cikinsa jirgin da ya riga Voyager da fiye da shekara 80 ya tashi ya je har tsakiyar gungun taurarin cikin 'yan awoyi. Wato tsohon jirgi ya fi sabo gudu kenan? Ni dai ji na yi an raina min hankali.

Kawu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Auta, ka yarda jirgi yana wuce haske. Ka yarda ana narkar da mutum a nan a haɗa shi a can. Ka yarda da mutane masu kunnuwa kamar tsinin mashi. Duk ka haɗiye ba ruwa, sai ƙirgen awa ne ya maƙale maka a wuya? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni maganata ɗaya ce: ba a neman daidaito a cikin ƙarya. Gudun jirgin fim shi ne duk gudun da marubuci yake buƙata a ranar, kuma haka ya kamata ya zama.

Direba: Kawu ya buɗe da giya ta biyar tun ba a fita tasha ba.

Mai Kemis: Ni kujerar gaba na kama. Malam, bisimilla.

Malam: Alƙalanci ya fi ƙarfina, amma lissafi aikina ne. Mu fara da abin da ba fim ba. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga Wata zuwa nan sakan ɗaya da 'yan kai, daga Rana minti 8 da sakan 20. Tazarar da yake ci a shekara guda ita ake kira shekarar haske, saboda haka awon nisa ne, ba na lokaci ba. Tauraro mafi kusa da mu bayan Rana, Proxima Centauri, yana shekarar haske 4.24. Akwai kumbon gaske mai suna Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, yana tafiyar kusan kilomita 17 a sakan. Da can ya nufa, da sai ya yi kusan shekara 75,000 a hanya. Na fim shekara 75, na gaske 75,000, shi ma zuwa gidan maƙwabci kawai.

Yanzu ƙarar Auta. Ka raba 70,000 gida 75, za ka samu 933. Wato jirgin yana ninka gudun haske kusan sau dubu. Tsakiyar gungun taurarinmu tana nisan shekarar haske wajen 26,000 daga nan. Da gudun Voyager, tafiyar shekara 27 zuwa 28 ce. Auta bai yi ƙarya ba, akwai matsala.

Kawu Mai Rediyo: Malam, ban ce lissafinka bai fita ba. Cewa na yi ba wurin lissafi ba ne. Ka taɓa ganin an kai mai tatsuniya kotu don ya ce Gizo ya je gari ya dawo kafin tuwo ya huce?

Direba: Ku tsaya, ni ina da mafita, kuma daga sana'ata na samo ta. Allurar gudu ba ita ce tafiya ba. Mota ɗaya, direba ɗaya, in ka hau sabuwar kwalta ka ga gari ya matso, in ka shiga hanyar ƙauye da damina ka kwana a kilomita 40. Me zai hana sararin sama ya zama haka? Wani wurin shimfiɗaɗɗe ne, wani wurin duk rami. Wataƙila hanyar zuwa tsakiya titi ne da aka daɗe ana bi, shi kuwa Voyager daji aka jefa shi, ba taswira, ba gidan mai, ba wanda zai tambaya hanya. In haka ne, tsohuwar J5 a kan kwalta za ta wuce sabuwar jif a cikin taɓo. Ba wani abin mamaki.

Auta: Yaya Direba, wannan uzurin masoyan fim ɗin sun daɗe suna kawo shi. Amma a cikin fim ɗin 1989 cewa aka yi babu jirgin da ya taɓa ƙetare shingen da ke tsakiyar. Ina titi a inda ba wanda ya taɓa bi?

Malam: Kuma ko mun bar wannan, girman bambancin shi ne abin dubawa. Bari mu yi wa tsohon jirgin adalci, mu ce kwana ɗaya cur ya yi, ba 'yan awoyi ba. Shekarar haske 26,000 a kwana ɗaya, ya ninka haske kusan sau miliyan 9 da rabi kenan. Ka gwada da sau dubu na Voyager. Direba, Kano zuwa Kaduna awa nawa kake yi in hanya ta yi kyau?

Direba: Awa uku, in ba a tsaya cin abinci a Zariya ba.

Malam: To ka ɗauka wani yaro ya shigo tasha ya ce shi da tsohuwar motarsa ya yi ta a sakan ɗaya, saboda wai kwaltar da ya bi ta fi taka laushi. Bambancin da muke magana kenan.

Direba: Wannan sai mu ɗaure shi mu kai shi a yi masa ruƙiyya. Na janye titina. Amma ban janye duka ba. Ita shekara 75 ɗin, ni a wajena maganar mai hankali ce. Duk wanda ya san hanya ba ya ƙirga tafiya da ƙarshen allura. Motata tana iya 140, amma in na riƙe ta a haka daga Kano zuwa Legas, injin zai buga kafin Jebba. Kyaftin ɗin ta haɗa har da tsayawa, da gyara, da neman mai.

Malam: A nan kana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Ma'aunin gudunsu suna kiransa waf. A littafin fasaha da ma'aikatan Star Trek suka fitar a 1991, waf 8 ya ninka haske sau 1,024, waf 9 kuma sau 1,516. Ka ga 933 ɗinmu yana dab da waf 8, gudun da jirgi zai iya riƙewa ba tare da ya wahala ba. Da waf 9 za su riƙe ba tsayawa, shekara 46 ce. Matsalar ita ce kyaftin ɗin ba "gudun da za mu iya riƙewa" ta ce ba. Ƙarshen gudu ta ambata. Kuma a kashin farkon nan aka faɗa mana jirgin yana iya riƙe waf 9.975.

Auta: Ga ma wadda ta fi wannan. Akwai kashin da suka tarar da mutanen da aka sace daga Duniya tun 1937. Matuƙin jirgin yana yi wa ɗaya daga cikinsu burga, ya ce waf 9.9 kamar mil biliyan 4 ne a sakan ɗaya. Malam, buga mana.

Malam: Haske yana cin mil 186,000 da 'yan kai a sakan. Biliyan 4 ya ninka shi sau 21,000 da ɗoriya. Da wannan gudun, gida tafiyar shekara 3 da wata 3 ce.

Mai Kemis: Kai! Ashe da sun bar yaron ya tuƙa, da zango uku ya isa.

Kawu Mai Rediyo: To kun gani? Da bakinku kuke tabbatar da maganata. Shiri ɗaya, jirgi ɗaya, lamba uku daban-daban, amma Auta ya zauna ya kalli kashi 170 da wani abu bai tashi ba. Da rashin daidaiton yana kashe labari, da tun zango na biyu ya ajiye. Lambobin nan ado ne, kamar fitilun da ke walƙiya a gaban matuƙin. Ni na san aikin waya, babu abin da fitilun nan suke haɗe da shi.

Maman Biyu: Sannunku da rigima. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wanki ya ƙare. Kawu, da girmanka, amma misalin tatsuniyar da ka kawo ni ce zan karɓe shi, don kullum dare sai na yi wa 'yan biyu. Ba gaskiya ba ne a ce ba a kai mai tatsuniya kotu. Kotun tana nan a kan tabarma, kuma alƙalanta ba su da sassauci. In na ce Gizo ya yi magana da Kura, ba mai tambayata yaushe dabba ta fara magana. In na ce Dodo ya haɗiye gari guda da shanunsa, ba mai cewa cikinsa bai kai ba. Amma ranar da na ce yarinya ba za ta iya tserewa ba saboda kogi ya tare ta, ba kwalekwale, sai can gaba na manta na ce ta ruga gida ta ɗauko wuƙa ta dawo, nan take Hassana ta tashi zaune. "Mama, kogin fa?" Shekararta shida.

Yaro yana yafe maka duk ƙaryar da ka shigo da ita ta ƙofa. Wadda ba ya yafewa ita ce ka sa shi jin tsoron abu, sannan ka nuna masa kai kanka ba ka ɗauki abin da muhimmanci ba. A Voyager, nisan nan shi ne kogin. Saboda shi mutum ya rabu da matarsa, saboda shi ake auna abinci. Kawu, ladan kuturun da ka ambata, ai marubucin ne ya ci. Ya karɓi tausayinmu da sunan shekara 75, shi aski ya hau kansa.

Mai Kemis: An juya wa Kawu karin maganarsa da kansa. Allah ya ba da haƙuri.

Kawu Mai Rediyo: 'Yar nan, kin iya magana, ba musu. Amma bari in kawo Star Wars. Tun 1977 ake shiga jirgi a ja wani ƙarfe, taurari su miƙe kamar zare, a fito a wata duniya. Ba wanda ya taɓa ce miki kilomita nawa ne, ba wanda ya damu, kuma duniya kaf ta kalla. Ina kogin a nan?

Maman Biyu: Babu, shi ya sa ba a kama su ba. Su tun a rubutun farko suka gaya maka abin ya faru tun da daɗewa a wani wuri mai nisa. Ai "ga ta nan ga ta nanku" kenan. Wanda bai yi maka alkawarin awa ba, ba ka ce ya makara.

Mai Kemis: A'a Hajiya, su ma an kama su sau ɗaya, kuma kamun ya yi shekara 40 ana dariyarsa. Mai jirgin nan ɗan fasa-ƙwauri, Han Solo, yana cika baki ya ce jirginsa ya yi wata tafiya a ƙasa da fasek 12. Shi kuwa fasek awon nisa ne.

Malam: Shekarar haske 3.26 ne fasek ɗaya. Kamar Direba ya ce motarsa tana da gudu, don ta yi Kano zuwa Kaduna a ƙasa da kilomita 200.

Direba: Wallahi akwai masu faɗin haka a tasha. Ma'anarsa ya san yanke.

Malam: Abin da kamfanin ya ce kenan daga baya! A fim ɗin da suka yi kan ƙuruciyarsa a 2018, sai suka nuna cewa hanyar da kowa yake bi doguwa ce, shi kuma ya yanka ta wuri mai haɗari ya rage nisan. Kawu, ka lura da wannan. Bayan shekara 41 aka kashe kuɗi aka shirya wani dogon yanki na fim don a ɗinke kalma ɗaya. In lamba ado ce kawai, me ya sa suka wahalar da kansu?

Kawu Mai Rediyo: Saboda irinku sun hana su barci.

Auta: Akwai wani kogin ma a Star Wars, Anti. A fim ɗin 1980 injin tsallaken jirgin ya lalace, rabin fim ɗin a kan haka ake gudu ana ɓuya. Amma da lalataccen injin suka tashi daga wajen wani tauraro suka isa birnin da ke cikin gajimare a wajen wani tauraron daban. Ba tare da wuce haske ba, wannan tafiyar shekaru ce.

Maman Biyu: To wannan kam Hassana za ta tashi zaune. Na ƙara shi a lissafi.

Malam: Ni wadda ta fi ba ni haushi ba a cikin waɗannan take ba. Kashin farko na Star Trek: Enterprise, 2001. A nan marubutan sun nuna sun iya lissafi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Kyaftin ɗin yana alfahari da sabon jirgi, ya ce zai je duniyar Neftun ya dawo a minti 6. Neftun tana nisan kusan kilomita biliyan 4 da rabi, zuwa da dawowa biliyan 9. Ka raba da sakan 360, ka samu kilomita miliyan 25 a sakan, wato haske sau 83. A tsohon ma'auni, wanda ya riga na littafin 1991, ana ninka lambar waf da kanta ne har sau uku, misali waf 5 shi ne 5 sau 5 sau 5, 125. Jirgin yana waf 4.5, wanda ya ba da 91. Ka ga 83 da 91, ai sun yi ƙoƙari. Na ji daɗi har na gyara zama.

A cikin wannan kashin dai, aka ce duniyar wasu halittu da ake kira Klingon tafiyar kwana 4 ce. Kwana 4 da gudun haske sau 91, shekarar haske ɗaya kenan tak. Na faɗa muku ɗazu, tauraro mafi kusa yana 4.24. Wato babban birnin abokan gaba yana wurin da babu ko tauraro ɗaya, ya fi maƙwabcinmu na jikin katanga kusa har ninki huɗu. Mutumin da ya iya buga lissafin Neftun ya san wannan. Ya dai ga kwana 4 ya fi daɗin faɗa ne.

Kawu Mai Rediyo: Yawwa! Ya fi daɗin faɗa. Ka faɗi gaskiya da kanka. Malam, mutanen nan a wancan lokacin kashi 26 suke fitarwa a shekara, kusan duk sati biyu sabon labari daga rubutu har ɗauka. Marubuta da yawa, wannan ya tafi wancan ya zo. In ka ce kowa sai ya buɗe taswira kafin ya rubuta "mun kusa isa", ba za a gama ko zango ɗaya ba. Ni in rediyo ta zo gyara mai ita yana tsaye, abin da zai sa ta yi magana nake yi, ba abin da littafin kamfani ya ce ba.

Direba: Shi ya sa tawa ta dawo bayan kwana biyu, Kawu.

Kawu Mai Rediyo: Taka faɗuwa ta yi a ruwa, kar ka ɓata min suna a gaban yara.

Malam: Uzurin gaggawa na karɓa, uzuri ne na gaske. Amma ka ga ka sauya magana. Da farko cewa ka yi haka ya kamata ya zama. Yanzu kana cewa ba su samu lokaci ba ne. Wanda ya ce bai samu lokaci ba ya yarda akwai abin da ya kamata ya yi.

Kawu Mai Rediyo: Ban sauya ba, ƙari na yi.

Auta: Shi ma ma'aunin waf ɗin bai tsaya wuri ɗaya ba. A shirin farko na shekarun 1960 akwai inda jirgi ya kai waf 14. Da aka dawo da sabon shiri a 1987 sai aka sake ma'auni, aka ce waf 10 shi ne ƙarshe, gudu marar iyaka, wanda ya kai shi yana ko'ina a lokaci ɗaya. Sai ga kashin ƙarshe na wannan shirin a 1994, an nuna zamani mai zuwa ana ba da umarnin waf 13.

Mai Kemis: Kamar Naira ce, ana sake mata fasali.

Auta: Sannan a 1996 matuƙin Voyager ya kai waf 10 ɗin a ƙaramin jirgi. Sakamakon? Shi da kyaftin suka rikiɗe suka zama wasu halittu kamar manyan ƙadangarun ruwa, har suka haihu a wata duniya. Likita ya mayar da su mutane, aka bar 'ya'yan a can, ba a sake ta da maganar ba.

Maman Biyu: Tsaya. Likita ya iya warkar da su?

Auta: Tsaf.

Maman Biyu: To me ya hana kowa ya hau, a isa gida yau, likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya da magani? Ni dai in aka ce in zama ƙadangaruwa na kwana biyu ko in yi shekara 70 ban ga uwata ba, ai ba sai na yi shawara ba.

Malam: Tambayar da masu kallo suke yi kenan tun 1996.

Auta: Amma Malam, wata tambaya a gefe. Na ga ana yaɗawa cewa masana sun riga sun gano yadda za a yi injin waf na gaske. In haka ne, wata rana za a san lambar gaskiya, rigimar ta ƙare.

Malam: Abin da ya faru shi ne, a 1994 wani masanin fiziks ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, ya nuna a takarda cewa lissafin Einstein bai hana a matse sararin da ke gaban jirgi a buɗe na bayansa ba. Jirgin yana zaune a cikin ƙwansa, sararin ne yake tafiya da shi, kamar ka zauna a kan tabarma a ja tabarmar. Sai dai lissafin yana buƙatar wani irin makamashi da ke ƙasa da sifili, mai yawan gaske, kuma ba wanda yake da hanyar tara shi. Takarda ce, ba inji ba.

An taɓa yin zaton an ga abu ya wuce haske. A 2011 masu wani gwaji suna harba ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino daga cibiyar bincike ta CERN a kan iyakar Suwizalan da Faransa zuwa Gran Sasso a Italiya, kilomita 730 ta ƙarƙashin ƙasa. Sai suka ga kamar suna riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na sakan. Duniya ta ɗauka. A 2012 aka gano babban dalilin: wata wayar haske ce ba a ɗaure ta da kyau ba.

Kawu Mai Rediyo: Waya ta saki! Da sun kira ni da tun ranar na gaya musu. Kashi tara cikin goma na abin da ake kawo min kenan.

Malam: Kuma abin da ya fi damun masana ba makamashi ba ne. A tsarin da Einstein ya kawo a 1905, mutum biyu da ke tafiya da gudu daban-daban ba sa yarda a kan abin da ake nufi da "yanzu" a wuri mai nisa. Muddin ba abin da ya wuce haske, wannan saɓanin ba ya ɓata komai, dalili yana riga sakamako a wajen kowa. Da zarar saƙo ya wuce haske, za a iya shirya tafiyar da amsa za ta iso kafin a aika tambaya.

Direba: Wato fasinja ya sauka kafin ya hau.

Mai Kemis: Kafin ya biya dai, shi ne abin da ya dame ka.

Kawu Mai Rediyo: To Alhamdu lillahi, mun dawo inda na fara. Abin ba ya yiwuwa. Babu lambar gaskiya da za a gwada ta fim da ita. Kuna auna tsawon inuwar aljani ne.

Malam: Ba da gaskiya muke gwada ta ba, Kawu, da kanta muke gwada ta. Ban taɓa cewa waf 9 ya saɓa wa Einstein ba, wannan na yafe tun kafin in kunna. Cewa nake waf 9 na Talata ya saɓa wa waf 9 na Alhamis.

Kawu Mai Rediyo: To ku nuna min shiri ɗaya da ya riƙe lissafinsa kuma bai sa mutane barci ba.

Malam: The Expanse, wanda ya fara a 2015. A zangon farko ba mai wuce haske, duk abin a tsakanin duniyoyin Ranarmu ake yi. In kana wajen duniyar Jufita ba ka hira kai tsaye da wanda ke Duniya, don saƙo kansa yana cin fiye da rabin awa kafin ya isa. Sai ka ɗauki magana ka aika ka jira. Jiran nan suka mayar abin tashin hankali: umarni yana isowa bayan an riga an yi abin da ya hana.

Kawu Mai Rediyo: Na kalla. Daga baya ba wata ƙofa suka kawo ba, a shiga a fito a wajen wasu taurari? Su ma da tura ta kai bango sun nemi yanke. Kuma Voyager ɗin naku, shekara 75 ɗin a shekara 7 ta ƙare, ta wata hanyar yanke ta abokan gabarsu Borg suka bi suka faɗo gida a kashin ƙarshe.

Maman Biyu: Wannan ai kwalekwale ne, Kawu. An nuna mana inda aka samo shi da abin da aka biya. In na ce wa yara wani masunci ya zo ya ƙetarar da yarinyar amma sai da ta ba shi awarwaronta, ba mai tashi zaune. Mantawa da kogin ne laifi, ba ƙetare shi ba.

Kawu Mai Rediyo: Na ba ki Voyager, tunda su suka ɗaure kansu da lamba. Shi kaɗai. Sauran duk ina nan a kan bakana, kuma fim ɗin 1989 ba ruwansa, ya riga Voyager fitowa da shekara 6. Ba a kama mutum da alkawarin da ƙaninsa zai yi bayan ya tafi.

Malam: Wannan kuma gaskiya ce, ban yi tunaninta ta nan ba. In akwai mai laifi, waɗanda suka zo a 1995 ne, su suka ga fim ɗin suka zaɓi lambar da ta ƙaryata shi. Auta, ƙararka tana nan, amma ka kai wanda ba shi ba.

Auta: To a sake rubuta takardar ƙara. Amma kwana 4 zuwa duniyar Klingon fa? Shi a 2001 aka yi, bayan kowa.

Kawu Mai Rediyo: Shi wannan sai na sake kallo tukuna. Turo min kashin, amma ba mai cin data da yawa ba.

Direba: Jama'a lodi ya cika, yaron mota yana ta buga min ƙofa. Kaduna za ni. In kun ji ni kafin awa uku, ku ce Malam ya sake lissafi.

Maman Biyu: Allah ya kiyaye hanya. Auta, ni kashin ƙadangarun nan za ka turo min, ina so in ga ko Hassana za ta kama su.